Sunan Da Ke Kan Wasiƙar Imel Ba Shaida Ba Ne

'Yan'uwa, wasiƙar imel kamar ambulan take wanda ake jefawa a akwatin gidan waya: mai aikawa ne yakan rubuta sunan da ya ga dama a baya, ba wanda zai tambaye shi katin shaida. Haka aka tsara ta tun 1982, lokacin da masu amfani da ita kaɗan ne. Ta wannan kafa ce ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Klez ta ɓullo a ƙarshen 2001, ta game duniya a 2002. Sobig ta biyo baya a 2003, Mydoom kuwa a Janairun 2004.

Ga yadda take yi. A ce kwamfutar wani malami a Birnin Kudu ta kamu. Sai cutar ta bincika adireshin mutanen da ya ajiye, ta zaɓi biyu, watau sakataren wata ikkilisiya a Gwaram da ma'ajiyar zumuntar mata. Ta aika wa ma'ajiya kanta, amma da sunan sakatare. Ma'ajiya ta buɗe domin ta san sunan, tata kwamfutar ta kamu, ta kama fushi da bawan Allah, alhali tasa lafiya lau take, wataƙila ma a kashe take don rashin wuta. Malamin kuwa bai san wainar da ake toyawa ba. Wani nau'in Klez ma yakan zo da sunan maganin Klez ne!

Zamanin Klez ya wuce, amma ɓarayi sun gaji dabarar. Yanzu sukan ari sunan fasto ko shugaba su ce a tura kuɗi cikin wani sabon asusu da gaggawa. Gmail da makamantansa suna tace irin waɗannan wasiƙu, sai dai wasu sukan kuɓuce.

Saboda haka in wasiƙa ta zo da abin da aka maƙala wanda ba ka sa rai da shi ba, kada ka buɗe, kada kuma ka amsa. Buga wa mai sunan waya a lambar da ka riga ka sani. In sunanka ne aka ara, sanar da jama'a, ka canja kalmar sirri don tsaro, ka roƙi abokan wasiƙarka su duba kwamfutocinsu da sabon riga-kafi. Mai tura sanarwa ga mutane da yawa ya sa adireshinsu a gurbin Bcc, inda ba mai ganin na wani.