Ƙiba Da Abin Da Likitoci Suka Gano

A Ruwan Bago da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, mutane sun rabu biyu game da ƙiba. Dattawa suna ɗaukarta alamar hutu da wadata, har in amarya ta rame akan zargi mijinta. Samari kuwa sun koyi yi wa mai teɓa ba'a, wai ci ne da ragwanci.

Babu shakka ƙiba mai yawa takan jawo ciwon sukari da hawan jini. Amma ba ci kaɗai ke kawo ta ba, gado ma yana da hannu. Cikin 1994 wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, ya gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya rame sinadarin yakan ragu, sai yunwa ta tsananta. Watau jikin da kansa yake neman mayar da abin da ya zube.

Su likitocin ma ba su daidaita ba. Sun daɗe suna gwada nauyi da tsawo, amma cikin 2025 wani kwamitin masana ya ce wannan bai isa ba, gama ba ya rarrabe kitse da tsoka. Sai a auna ƙugu kuma.

Ɓarnar ba'a ita ce wanda aka kunyata yakan ƙi zuwa asibiti, ciwo ya ci shi a ɓoye. Mai ƙiba ya tafi a gwada jininsa da sukarinsa. Mata kuma su guji ƙwayoyin "sha-ka-fashe" na kasuwa, gama waɗansunsu suna kumbura jiki, su ta da sukari.