Daɗin Karanta Littafin Hira da Wuyar Rubuta Shi

Littafin hira shi ne wanda mutum ya zauna ya ƙago labarinsa da kansa, ya tsara mutanen da ba a taɓa haifa ba, ya ba su suna da hali da gari, har mai karatu ya riƙa jin kamar ya san su. Daɗinsa ba ɓoyayye ba ne. Mutum na kishingiɗe a zaure, ba raƙumi ba guzuri, sai ga shi ya bi Alhaji Imam neman ruwan Bagaja, yana dariyar yadda su ke cutar juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ko kuwa ya bi uwar Shaihu Umar cikin hamada tana cigiyar ɗanta, har ƙwalla ta cika masa ido saboda matar da bai taɓa gani ba. Abin da ke riƙe shi kuwa shi ne ɗokin sanin abin da zai auku gaba, irin wanda ke hana yara barci in tsohuwa ta yanke tatsuniya a tsakiya. Amma mai cin tuwo ba safai ya kan tuna da wadda ta yi surfe da niƙa ba.

A birnin Landan akwai wani gida mai lamba 48 a titin Doughty, wanda aka mai da shi gidan tarihi tun 1925. Nan Charles Dickens ya zauna daga 1837 zuwa 1839. A zamanin nan sabon littafin hira a Ingila juzu'i uku a kan yi shi, kuɗinsa sule 31 da sisi, watau ya fi abin da lebura ke samu a mako. Talaka ba shi da halin saye. Sai masu ɗab'i suka yi dabara, suka riƙa fid da labarin Dickens mai suna Pickwick Papers gutsure-gutsure, kowane wata 'yar ƙasida ɗaya a kan sule guda. An fara cikin 1836. Da fari 'yan ɗaruruwa kaɗai a ke sayarwa, har ya shigo da wani bara mai bakin tsiya, Sam Weller, wanda in da a Hausa ya ke, da shi da Malam Zurƙe sun ƙulla abota. Daga nan kasuwa ta buɗe. Kafin labarin ya ƙare cikin Nuwamba 1837 ana sayar da wajen 40,000 kowane wata, waɗanda ba su iya karatu ba ma su kan taru wani ya karanta musu.

Wannan daɗin masu karatu ke nan. Shi kuwa mai rubutun, wata ba ya jiransa. Ko da lafiya ko ba lafiya, ko dabara ta zo ko ba ta zo ba, wajibi ne shafi 32 su isa maɗaba'a a kan lokaci. Abin da ya riga ya fita kuma ba shi gyaruwa, gama yana hannun jama'a. In ya kashe mutum a wata na uku, ba dama ya tashe shi a wata na goma don ya ga yana bukatarsa. Tun Fabrairu 1837 ya haɗa da wani labarin, Oliver Twist, ya zama kowane wata yana ɗauke da kaya biyu, ɗaya na ban dariya, ɗaya na ban tausayi. Cikin Mayu na shekaran nan ƙanwar matarsa, Mary Hogarth, yarinya 'yar shekara 17, ta rasu farat ɗaya a gidan nan. Baƙin ciki ya hana shi ɗaukar alƙalami, masu saye suka je kanti ba su sami ci gaban ko ɗaya daga labarun biyu ba.

Ba daga sama ya san zaman marayun da ya ke ba da labarinsu ba. Cikin 1824, yana da shekara 12, aka ɗaure ubansa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka kai shi wata ma'aikatar man goge takalma yana manna takardu a jikin tukwane, ladansa sule shida a mako. Wannan abu ya ɓoye shi ga kusan kowa har ya mutu, amma ya ɓulla cikin littattafansa, musamman David Copperfield. Ko bayan ya yi suna kasuwa ba ta daina juya shi ba. Sa'ad da ya ga labarinsa na Martin Chuzzlewit bai wuce wajen 20,000 a wata ba cikin 1843, sai ya ɗauki saurayin da a ke ba da labarinsa ya tura shi Amurka, ko masu saye sa ƙaru. Ya rasu ran 9 ga Yuni 1870 yana tsakiyar wani labari na kisan kai, Edwin Drood. Kashi 12 ya yi niyya, shida ya samu ya rubuta, bai kai ga faɗin wanda ya yi aika-aikar ba, har yau masana na gardama a kai.

Wani na zamaninsa, Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya ne, shekara 33 yana aikin gwamnati. Da ƙarfe biyar da rabi na asuba ya kan zauna, ya ajiye agogo gabansa, ya wajabta wa kansa kalma 250 kowane minti 15, sa'an nan ya tashi ya tafi ofis. Da haka ya rubuta littattafan hira 47. Da tarihin rayuwarsa ya fito cikin 1883, bayan rasuwarsa, aka ga ya jera kuɗin da kowane littafi ya kawo masa kamar ɗan tireda, waɗansu suka ji haushi, wai ya zub da girman sana'ar. Alhali gaskiya ya faɗa. Su dai sun fi so a ce musu ilhama ce ke sauka.

Wanda ke nesa da masu ɗab'i kuma wuyarsa ta fi. Chinua Achebe yana aikin rediyo a Ikko ya gama Things Fall Apart da rubutun hannu. Cikin 1957 ya sa shi a wasiƙa, kwafin nan ɗaya tak da ya ke da shi, ya aika wa wani kamfanin masu buga tafireta a Landan tare da ladansu. Wata da watanni shiru. Sai da shugabarsa, wata Baturiya, ta tafi hutu Ingila ta je ta tsaya musu, aka zaƙulo takardun inda aka yasar da su. Kamfanin Heinemann ya buga littafin ran 17 ga Yuni 1958, kwafi 2,000. Daga baya an juya shi cikin harsuna fiye da 50. Saura ƙiris ya salwanta a kusurwar ofis.

A ƙasar Hausa wuyar farko dabam ce. Cikin 1933 Dokta R. M. East na ofishin fassara a Zariya ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Ya bayyana yadda ya sha fama cikin wata maƙala da mujallar Africa ta Landan ta buga cikin 1936: malamai suna ganin rubutu na addini ne da ilmi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce, malami da girmansa ba ya zauna ya rubuta abin da bai auku ba. Galibin waɗanda suka amsa kiran sun yi makarantar boko. Aka zaɓi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa. Imam a lokacin malami ne a Midil ta Katsina, shekarunsa 22. Ba ko ɗaya cikinsu da rubutun hira ke ciyad da shi. Kamar Trollope, kowa da aikin da ya ke karɓar albashi, rubutun sai a ɗan lokacin da ya rage. Don a sami Magana Jari Ce ma sai da aka ɗauke Imam daga aji cikin 1936, aka kai shi Zariya wata shida ba abin da ya ke yi sai wannan.

Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauci sa'ad da ya rubuta nasa. Ya zo Landan karatun aikin malanta daga 1945 zuwa 1946, da ya koma gida siyasa ta ɗauke shi, har ya zama Firayim Minista cikin 1957. Bai sake fid da wani littafin hira ba. Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Kano kafin ya koma Jami'ar Landan, ya juya Shaihu Umar zuwa Turanci, kamfanin Longmans ya buga shi a Landan cikin 1967. Mawallafin bai ga wannan bugu ba, gama an kashe shi cikin Janairu 1966.