Fiyano da Kalangu: Yadda Na'ura Ta Shiga Kiɗan Hausa

A garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, kamar Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe, galibin kiɗan da ake ji yau a wurin biki ko taron siyasa daga lasifika yake fitowa. Wanda ya haɗa shi yana can Kano ko Kaduna ko birnin Sakkwato, a cikin ɗan ɗaki, ga na'urar da jama'a ke kira fiyano a gabansa, ga kwamfuta a gefe. Ana jin ganga da sarewa a cikin waƙar, alhali kuwa ba a jeme fata ba, ba a sassaƙa icce ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda na'urar ke ƙirƙiro sauti, da hanyar da ta biyo ta iso ƙasar Hausa, da kuma wani abu guda wanda har yanzu yake yi mata wuya, kalangu kuwa yana yinsa ba da wahala ba. A kan wannan na ƙarshe ya fi kamata a daɗe, domin ya taɓa harshen Hausa kansa.

Yadda na'ura ke haifar da sauti

Sauti karkarwa ce ta iska. In makaɗi ya bugi fatar ganga, fatar takan yi ta kai da komowa da sauri, ta tura iska, iskar ta je ta bugi dodon kunne. Yawan kai da komowar nan a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa sauti ya zama siriri ko mai kauri. Kunnen matashi mai lafiya yana jin karkarwa tun daga sau 20 har zuwa wajen sau 20,000 a daƙiƙa. Makaɗan Turai sun ɗauki sau 440 ya zama ma'aunin da suke daidaita kayan kiɗansu da shi. In aka ninka shi ya zama 880, kunne zai ji kamar sautin farko ne ya hau bene, kamar dai yadda yaro da magidanci ke rera waƙa ɗaya, kowa da kaurin muryarsa.

To, a cikin sintesaiza, watau na'urar haɗa sauti, wutar lantarki ce ke karkarwar, lasifika kuma ta mai da ita motsin iska. Irin ta farko tana da manyan sassa uku. Akwai tushe, wanda ke fitar da ɗanyen sauti mai tsauri, irin na ƙugin zuma. Akwai rariya, wadda ke tace shi, ta tsare wani sashe ta bar wani ya wuce, yadda mace ke tankaɗe gari ta fid da tsaki. Sai na uku, mai kula da yadda sauti ke tashi da yadda yake mutuwa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin da shi kunne ke rarrabe kayan kiɗa. Bugun ganga farat ɗaya yake tashi, nan da nan kuma ya mutu. Kukan goge kuwa a hankali yake tasowa, ya kuma daɗe muddin ana goga izgar.

Robert Moog na Amurka ya nuna irin tasa na'urar a 1964. Girmanta kamar kabad, da wayoyi birjik waɗanda ake sokawa daga wannan rami zuwa wancan. A 1970 kamfaninsa ya fito da Minimoog, wadda mutum ɗaya ke iya ɗauka. Sa'an nan John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano wata hanyar haɗa sauti ta lissafi, kamfanin Yamaha na Japan ya sayi izinin amfani da ita, ya ƙera DX7 a 1983. A shekarar ce kuma aka fara sayar da na'urori masu tsarin MIDI, wanda ya sa kayan kamfanoni dabam-dabam suka iya fahimtar juna. Bayan haka sai Casio da Yamaha suka cika kasuwa da ƙananan fiyano masu araha, an riga an ajiye muryoyi ɗari ko fiye a cikinsu, har da kiɗan ganga mai juya kansa in an danna maɓalli. Irin waɗannan ne suka iso Kano.

Ban da masu haifar da sauti, akwai na'urorin da ke sarrafa shi bayan an haife shi. Daga cikin waɗanda suka daɗe akwai ta amsa-kuwwa. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya yi magana, ko ya yi sallama a babban zaure mai daurin guga, ya san abin da take kwaikwaya. Wadda ta fi tasiri a waƙar Hausa kuwa ita ce Auto-Tune, ta 1997. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin neman man fetur, yana auna amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Aikinta shi ne ta saurari muryar mawaƙi, in ta kauce, ta jawo ta zuwa matakin sauti mafi kusa. An yi ta ne don ta ɓoye kuskure ba tare da an gane ba. Amma in aka ƙure saurinta, sai murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki, tana walƙiya kamar ƙarfe. Duniya ta fara jin haka a waƙar "Believe" ta Cher a 1998.

Hanyar da ta biyo

Sau da yawa akan ɗauka cewa Afirka 'yar karɓa ce kurum a wannan fage. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A 1944, a Alƙahira, wani ɗalibi mai suna Halim El-Dabh ya ɗauki muryoyin mata a wurin taron zar, wanda ya yi kama da bori, a kan rikoda mai waya. Ya sarrafa su da amsa-kuwwa da tacewa har suka zama wani abu dabam. Shekara huɗu ke nan kafin Pierre Schaeffer ya yi irin wannan gwaji a Faransa, ko da yake sunan Schaeffer ne ya fi yawo a littattafai. A shekarun 1970 Francis Bebey na Kamaru da William Onyeabor na Inugu duk sun yi faya-fayai da sintesaiza.

Mafi kusa da ƙasar Hausa shi ne Mamman Sani na Yamai. Ma'aikaci ne da ya yi hulɗa da UNESCO, ta nan ne kuma ya sami wani fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon Nijar, yana bin karin waƙoƙin gargajiya na ƙasar. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga, amma mutanen Nijar sun yi shekaru suna jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fito da shi a faifai.

A Nijeriya ta Arewa finafinai ne suka buɗe wa fiyano ƙofa. Bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya fim a Kano suka buƙaci kiɗa irin na finafinan Indiya da jama'a suka saba kallo, ba su kuwa da kuɗin tara makaɗa. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa fiyanon Yamaha PSR-220 da situdiyon Iyan-Tama ya saya a 1996 yana cikin abin da ya kafa salon, fim ɗin Sangaya na 1999 kuma ya bazu da shi ko'ina. Da Auto-Tune ta iso, mawaƙan Hausa ba su ɓoye ta ba, sun mai da ita ado.

Sakkwato ma tana da nata rabo a labarin. A 2008 Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga jihar Tawa, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. An sa wa muryarsa Auto-Tune irin ta waƙoƙin fim, aka haɗa da gangar na'ura. Ba a kai kundin kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya a katin memori har ya ƙetare Sahara, ya faɗa hannun Sahel Sounds. Mutumin da daga baya ya zagaya Turai da Amurka da jitarsa, da salon situdiyon Hausa aka fara saninsa.

Abin da ta sauya a cikin jama'a

A da, kiɗa sana'ar gado ce. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a gidan kiɗa suka tashi, kowane makaɗin fada kuma yana da ubangida, da 'yan amshi, da sanƙira. Ana son waƙarsu, ana yi musu kyautar doki da riga, amma ba kowane gida ke ba makaɗi aure ba. Fiyano ta zo ba ta da wannan tarihi. Ɗan malam da ɗan ma'aikaci da wanda ya gama sakandare suna iya zama gabanta ba a ce musu maroƙa ba, mata ma suka sami hanyar shiga situdiyo. Wannan ci gaba ne, bai kamata a raina shi ba. Sai dai kuɗin da a da ake raba wa mutum takwas ko goma na ƙungiyar makaɗa, yanzu mai lasifika da janareto ke karɓa, shi da mai sayar da fetur. In aka daina kiran mai kotso wurin biki, ɗansa ba zai koya ba, mai sassaƙa kotson ma zai koma sassaƙar turmi.

Inda kalangu ya fi ta

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da sautin sama, ko na ƙasa, ko faɗau, watau wanda ya fara daga sama ya zubo. Da wannan ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, da baba mahaifi da baba na rini, da kai na jiki da kai da ake ce wa namiji. Kalangu yana magana ne domin yana bin wannan kari. Makaɗi ya rataya shi a hammata, in ya matse tsarkiya fata ta ɗaure sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Abin lura shi ne yakan matse ko ya saki bayan ya riga ya buga, sautin na cikin kuka yana lanƙwasa shi. Da haka mahauci ke jin takensa tun daga nesa, ɗan dambe ya ji an ambace shi tsikar jikinsa ta tashi.

Fiyano kuwa matakala ce. Tsakanin 440 da 880 an yanka mata matakai goma sha biyu daidai wa daida, bisa tsarin Turai, babu wurin tsayawa tsakanin mataki da mataki. Waƙar Hausa ta gargajiya galibi a kan matakai biyar take tafiya, su ma ba lalle su faɗa daidai inda maɓallan suke ba, ga kuma zamiya da jan murya irin na Narambaɗa ko Ɗan Anace. In aka bi da irin wannan murya ta cikin Auto-Tune da aka ƙure, sama da ƙasa suna nan, ma'anar kalma ba ta ɓacewa, amma zamiyar takan kakkarye ta koma tsalle-tsalle. Yaron da ya tashi da wannan a kunnensa yana iya jin tsohon faifan Rediyon Kaduna ya ce mawaƙin ne ya kauce. A nan haɗarin yake, domin kunne abin da ya saba da shi yake kira daidai.

Ba a ce na'ura ba za ta iya lanƙwasa ba. Tun Minimoog ta 1970 akwai ɗan wili a hagun maɓallai wanda ake murzawa sauti ya hau ko ya sauka, aikinsa kusan na hammatar mai kalangu ne. Larabawa da Turkawa, waɗanda kiɗansu ke da rabin-rabin mataki, sun sa Yamaha da Korg sun ƙera musu fiyano mai maɓallan sauya ma'auni. Indiyawa ma an yi musu mai muryar tabla da sitar. Kamfani yakan saurari kasuwar da ta san abin da take so, ta kuma faɗa.

Yau ma ba sai an jira kamfani ba. Da makirfo mai kyau da kwamfuta ana iya ɗaukar bugun kotso ko taushi ko gangar noma a ajiye, a ɗora a kan maɓallai. Waɗansu mawaƙan zamani, musamman masu waƙar sarauta, sun gwammace su gayyato mai kalangu cikin situdiyo ya buga a kan fiyano, kunne kuwa yana jin bambancin nan take. Amma bugu ɗaya da aka ɗauka aka riƙa hawa da sauka da shi a maɓalli ba ya zama kalangu, ƙaramar ganga ce kawai da ake sauya wa girma. In ana son na gaske, sai an ɗauki bugu iri-iri, na matsewa da na saki, na tsakiyar fata da na gefe, sai an ɗauka da hunturu lokacin da fata ta ɗaure, a kuma sake da damina lokacin da ta saki. Aiki ne da ɗaliban sashen Hausa da na kimiyyar lantarki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya haɗa hannu su yi, jami'an al'adu na ƙananan hukumomi irin Tambuwal da Kebbe kuma su nuna musu gidajen da har yanzu ake da makaɗan gado.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ya fi shafar ma'aikatan gwamnati. Bugun da aka ɗauka sau ɗaya yana iya shiga waƙa dubu, mai hannun yana ƙauye bai sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta amince da haƙƙin mai wasa a kan abin da aka ɗauka daga gare shi, ta kuma ba fasahar gargajiya kariya. Saboda haka duk jami'in da zai kai masu makirfo gidan makaɗi, ya kamata ya tabbata an rubuta sunan makaɗin da garinsa da ranar ɗauka a jikin kowane sauti, an kuma yi yarjejeniya a rubuce, da Hausa, an karanta masa a gaban shaidu kafin ya ɗaga makaɗinsa.