Iyakwandishan A Tsohuwar Akori-Kura: Ba Ɗura Gas Ne Kaɗai Ba

Duk wanda ya taɓa zama a gaban akori-kura da rana tsaka cikin watan Afrilu ya san ɗan ɗakin nan na direba ba shi da maraba da tanderu. Shi ya sa wasu masu tsofaffin Fijo 404 da 504, waɗanda har yau suke jigilar hatsi zuwa kasuwannin ƙauye, kan so su tayar da iyakwandishan ɗin da ta daɗe da mutuwa a motarsu. Amma aikin yana da ƙa'ida, wanda kuwa ya ƙi bin ta, kuɗinsa ne zai bi iska.

Tushen al'amarin shi ne gas. A zamanin da aka ƙera motocin nan, da gas mai suna R12 ake sanyaya mota. Daga baya masana suka gano yana lalata lemar nan ta sararin sama mai kare duniya daga mugun hasken rana. Saboda haka a 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada don a daina yin sa, aka ɗibar wa ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya wa'adi zuwa 2010. Wanda ya gaje shi tun farkon shekarun 1990 shi ne R134a.

To, a nan gizo ke saƙar. Wani makaniki sai kawai ya ɗura sabon gas a tsohuwar na'ura, sanyi ya zo, mai mota ya biya yana murna. Alhali tsohon man da ke cikin kwamfireso ba ya gauraya da R134a, watau ba zai zagaya tare da shi ba. Kwamfireso sai ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone.

Aikin ƙwarai yana farawa ne da wanke bututai a fitar da tsohon mai, a zuba irin wanda ya dace, watau PAG ko ester. A canza draya, tulun nan mai tsotse danshi, a sake robobin mahaɗai da tiyo, domin sabon gas ya fi tsohon iya sulalewa. Kafin a ɗura, a zuƙe iskar ciki da famfo na aƙalla rabin sa'a. Kada kuma a cika kamar dā: kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin tsohon gas ya wadatar.

Sauran magana ita ce zafi. R134a ya fi matsi, don haka yana bukatar kwandansa na zamani da fankar lantarki. Kwandansa kuwa a gaban lagireto yake zama, iskar da ya ɗumama ita lagireto zai sha. In lagireto ya toshe, ga kaya maƙil a baya, inji ne zai tafasa a tsakiyar daji. Wajibi ne a gyara shi, a kuma tabbatar altaneta zai iya ɗaukar nauyin fanka.

Motar da ta yi shekara arba'in tana ciyar da gida ta cancanci wannan hidima. Mai ita dai ya tuna, araha ba ta ado.