Bin sawu a cikin salula: labarin fili da aikin tsaro a ƙasar Gure

Garin Gure yana kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wajen kilomita 160 gabas da birnin Damagaram, in an nufi Difa. Gunduma ce ta noma da kiwo, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye ke zaune tare, kuma ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 300.000 a cikinta. Daga kudu ta yi iyaka da Najeriya, daga arewa kuwa da Tasker, wadda aka cire daga jikinta a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta.

A ƙasa mai faɗi da rairayi irin wannan, motar jandarma takan yi awoyi kafin ta kai wata rijiya ko wani mashekari inda aka yi ɓarna. Amma labarin ɓarnar, da hotonta, da muryar wanda ya ce ya gani da idonsa, sukan riga motar tashi. Kafin a kai ƙara wurin hukuma, maganar ta zaga Gidigir da Bune da Kelle, ta kai Damagaram da Yamai, ta ƙetara iyaka. Saboda haka ne jami'an tsaro na ƙasashe da yawa suka ɗauki sauraren abin da jama'a ke bazawa a matsayin wani reshe na aikinsu.

Mene ne binciken fili?

Masana suna kiran wannan aiki OSINT a taƙaice, watau tattara labari daga wuraren da kowa ke iya gani ko ji ba tare da ya ɓalle ƙofar wani ba. Jaridu da rediyo suna ciki, haka hotunan tauraron ɗan adam, da tallar kaya, da abin da mutane ke sawa a fili a Facebook ko TikTok ko YouTube. Aikin ya girmi intanet. Tun 1939 BBC ta kafa sashen sauraren gidajen rediyon duniya, Amurka ma ta buɗe irin nata a 1941. Abin da ya sake a yau shi ne kowane mai salula ya zama ɗan ƙaramin gidan rediyo, kuma saƙon murya ya buɗe hanya har ga wanda bai iya karatu ba.

Mutanen ƙasar Gure ba baƙin wannan sana'a ba ne, domin tun kaka da kakanni akwai masu bin sawu. In an sace raƙumi, mai bin sawu yakan duba rairayi ya faɗi ko dabbar tana ɗauke da kaya, da inda ta dosa, da ko sawun na jiya ne ko na yau. Daga nan sai a tambayi masu rijiya, a sanar da dillalai a tike, a duba shaidar wuta da ke jikin dabba. Sawu yana nuna hanya, amma ba a yanke wa mutum hukunci da sawu kaɗai sai an samu dabbar da shaidu. Wannan ka'ida ita ce tushen binciken fili.

A ɗauki misali. Makiyayi ya rasa shanu biyar, ɗansa ya ɗora hotonsu a salula tare da bayanin kamanninsu. Bayan kwana biyu wani ya sa hoton wata kasuwa, sai ga saniya mai irin wannan shaida a gefe. Jami'in da ya san aikinsa zai fara da tambayar wace kasuwa ce, wace rana take ci, wa ya ɗauki hoton, kuma yaushe. In amsoshin sun dace da juna, to ya samu inda zai aika mutum. Hoton ya rage masa tafiya da mai da lokaci, amma binciken yana nan gabansa.

Yadda ake tantance hoto

Misali mafi shahara a Afirka ya fito ne daga Kamaru. A watan Yuli na 2018 wani bidiyo ya bazu, yana nuna sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu. Da farko gwamnatin ƙasar ta ce ƙarya ce. Masu bincike na BBC tare da wasu masu sa kai suka gwada surar duwatsun da ke bayan mutanen da hotunan tauraron ɗan adam, har suka gane wurin yana kusa da Zelevet, a arewa mai nisa ta Kamaru. Suka duba gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a riga aka gina ba, suka auna inuwar sojojin, suka gane an yi abin a 2015. A watan Satumba na 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara 10 kowanne. Kafin wannan, a 2017, Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmud al-Werfalli, bisa hujjojin da suka haɗa da bidiyoyin da aka baza a intanet.

Tambayoyin da ake yi ba su da yawa. A ina aka ɗauki hoton? Yaushe? Wa ya fara sa shi? Ya taɓa fitowa a wani wuri da wani labari daban? Akwai hanyar saka hoto a kwamfuta ta nemo inda ya taɓa bayyana. Sauran aikin kuwa na ido ne da sanin ƙasa: lambar mota, irin tufafi, karin harshe, ko ciyawa ɗanya ce ko busassa. Wanda ya tashi a ƙasar Muniyo ya san bambancin tudun rairayin wajen Kelle da kwarin dabino da kanwa na kudu. Haka kuma saƙon murya da Barbarci ko Tubanci ko Fulatanci yana bukatar kunnen ɗan ƙasa, wanda ke rarrabe habaici da barazana, da wasa irin na taubasai.

Bayan tantancewa sai adanawa. Abin da aka sa yau ana iya goge shi gobe, saboda haka jami'i yakan rubuta rana da sa'a da adireshin shafin, ya ajiye ainihin bidiyon ba tare da ya taɓa shi ba. A 2020 ofishin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya tare da jami'ar Berkeley ta Amurka suka fitar da ƙa'idoji a kan wannan, domin hujja ta iya tsayuwa gaban alƙali. Bukatar ta ƙaru yanzu da na'ura ke iya ƙera hoto da kwaikwayon muryar mutum.

Hatsarin jita-jita

Jihar Damagaram ta ga saurin labari da idonta. Ranar 14 ga Janairu 2015 wata jarida ta birnin Paris ta buga zanen da ya ɓata ran Musulmi. Ranar Juma'a 16 ga wata tarzoma ta tashi a Damagaram, washegari ta tashi a Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u da dama. A Gure ma an ƙone majami'a da gidan ministan harkokin waje na lokacin. Kwana biyu kacal ke tsakanin Paris da Damagaram, kuma nisan Gure bai kare ta ba. Darasin da ke ciki ga hukuma shi ne, fushin jama'a yakan fara bayyana a baki da a salula kafin ya fito titi.

Labarin ƙarya ma yana da irin wannan sauri. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin jihar Filato a Najeriya, an baza wasu munanan hotuna a Facebook, alhali ɗaya daga cikin bidiyoyin an ɗauke shi ne a Kongo-Brazabil tun 2012. An tare hanya, an kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ƴan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa sun keɓe jami'ai 10 suna duba Facebook, kuma in sun ga ƙarya sukan nemi sarakuna da malamai su taya su ƙaryata ta. A Amurka kuwa, bayan harin bam na Boston a 2013, masu binciken sa kai sun nuna wani ɗalibi da ba shi da hannu, suka jefa iyalinsa cikin baƙin ciki. A ƙasar da manomi da makiyayi ke haɗuwa a rijiya ɗaya, tsohon hoton gonar da aka cinye ko dabbar da aka sare ya isa ya kunna wuta a lokacin kaka. Magana zarar bunu ce.

Iyakar da doka ta shata

Akwai bambanci tsakanin kasuwa da ɗaki. Abin da mutum ya sa a shafinsa na fili kamar ya faɗe shi ne a tsakiyar kasuwa. Saƙon WhatsApp kuwa tun 2016 a kulle yake tafiya daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kuma yakan kai ga hukuma in wani ɗan rukunin ya nuna shi ko an karɓi salula a cikin bincike. Sauraren wayar mutane wani aiki ne daban, wanda doka ta 2020 ta tsara, dokar da ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka yi wa suka lokacin da majalisa ta amince da ita. Tun 2017 kuma Nijar ta yi dokar kare bayanan sirrin mutane.

Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ita ce ta tanadi horo a kan laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi, amma wata doka ta watan Yuni na 2024 ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 na sefa ga baza abin da ke iya ta da hankalin jama'a. Yadda ake aiki da dokar ya jawo muhawara. A 2020 ƴar jarida Samira Sabou ta yi kwana 48 a tsare saboda wani rubutu a Facebook, daga baya kotu ta sallame ta. A 2021 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ta salula wajen kwana 10. Irin wannan mataki yakan rage jita-jita, amma yakan toshe kunnen hukuma ita kanta, ya tsayar da harkar ɗan kasuwa.

Binciken fili yana rayuwa ne da amanar jama'a. In mutane suka ga ana bin sawun ɓarawon dabbobi da ɗan damfara da mai safarar ƙwaya, za su kawo abin da suka gani da kansu. In kuwa suka ga ana bin mai kukan rashin ruwa ko rashin magani, za su yi shiru, jami'i ya rasa ido da kunne a ƙauyukan da motarsa ba ta kai.

Aikin da ya rataya a wuyan kowa

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da babban matsayi a nan, domin shi ake miƙa wa salula a ƙauye a ce ya duba. Ya kamata ya karanta ranar da ke jikin saƙo, ya lura da alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sawa ga saƙon da aka tura sau da yawa, ya tambayi wanda ya aiko ko ya gani ne ko ya ji. Saƙon da ke kiran sunan wani da sata, ko yake zuga wata ƙabila a kan wata, wurin maigari ko birgad ɗin jandarma ko komisariya ya dace a kai shi, ba tare da an goge ko an ƙara kome ba. Su kuma ma'aikatan hukuma, wajibi ne su fito da gaskiyar magana da wuri, da harsunan da jama'a ke ji, ta rediyon karkara da ta bakin sarakuna da limamai, tun ƙarya ba ta yi kafa ba.