Idan Murya Ta Shaƙe a Rediyo

"Muna kama ku da ƙarfi, amma maganar ba ta fita." Duk mai riƙe da na'urar watsa murya ya san wannan koke, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda hannu ke saurin kaiwa ga maɓallin ƙara sauti. Sau da yawa nan ɓarnar take.

Masu rediyon sha'awa, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5U a Nijar, 5N a Najeriya, TY a Benin, suna da al'ada mai kyau. Idan sun ji juna sukan ba da maki biyu: fitar magana daga 1 zuwa 5, ƙarfin sigina daga 1 zuwa 9. Wanda aka ce masa ƙarfinsa 9, fitar maganarsa 3, ya san ba wuta ce ta yi masa kaɗan ba. Muryar ce ke lalacewa tun kafin ta bar ɗaki.

Makirufo ake fara dubawa. Idan an cika masa sauti, na'urar takan yanke kan kalmomi, murya ta fito kamar ta fasasshiyar ƙwarya, har ta fantsama cikin zangon maƙwabta. A garin Tunuga na yankin Gaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iskar da ta ratsa Gaya ita ce ke isa Malanbil a ƙetaren Kogin Isa, ta isa Kamba a jihar Kebbi.

Sai batir. Yawancin ƙananan na'urori volt 13.8 suke so. Batirin sola da ya wuni lafiya yakan sare bayan isha'i, murya ta riƙa rawa duk sa'ad da mai magana ya ɗaga harshe. A gwada shi lokacin da ake watsawa, ba lokacin da na'ura ke hutawa ba.

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, shi ya sa nake zargin wayar eriya da damina. Ruwa ya shiga mahaɗa, tsatsa ta kama, wutar da aka tura sama ta dawo ƙasa, ta bi wayar makirufo ta dagula sauti.

Kafin a kwance komai dai, a tambayi mai koken inda yake zaune. Akwatin rediyon da ke gindin eriya yakan shaƙe don sigina ta yi masa yawa, alhali na nesa, kamar na garin Tanda, yana ji garau.