Taron bakin rijiya da kayen aiki

Ƴan uwa maza da mata na Dawce da ƙauyukan kewaye, rani shi ne lokacin aikin ruwa. A lokacin ne ake gina rijiyar siminti, ake haƙa foraj, ake kafa fonfo. Aikin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Gari yana ba da fili, yana kawo rairayi da tsakuwa, sau da yawa yana tara kuɗi. In aikin ya yi kyau, gari ya sha ruwa shekara da shekaru. In ya lalace, ɗan kwangila ya hau motarsa ya tafi, mata da yara su koma ɗaukar ruwa daga nesa.

Abu biyu ke tsare gari daga wannan hasara. Na farko taro a bakin aikin. Na biyu kaye, inda ake rubuta abin da taron ya yanke. Wanda ya yi makarantar yaƙi da jahilci yana iya riƙe wannan kaye.

A da gwamnati ce ke yin komi. A 1963 aka kafa OFEDES, ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ita ta gina rijiyoyin siminti masu faɗin mita 1,80 da ake gani a garuruwa da yawa. Daga 1981 zuwa 1990, shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ma ruwan sha, an haƙa foraj masu yawa a ƙasarmu, an sa musu fonfo na ƙafa da na hannu. Da yawa cikinsu sun tsaya bayan ƴan shekaru. In mai gyara ya zo ya tambayi zurfin foraj, ko ranar da aka canza wani ƙarfe, ba mai amsa, don takardun suna can biro a birni. Yanzu al'amari ya sake. A 2002 Dawce ta zama komin cikin yankin Kance, wanda babban garinsa shi ne Matamaye. Dokar ruwa ta 2010 kuma ta ba komin da masu shan ruwan babban matsayi wajen kula da rijiyoyi da fonfo. To, wanda aka ba tsaron abu, dole ya san abin da yake tsaro.

Yaya ake taron?

A tsai da rana ɗaya kowane sati, tun daga ranar da aka fara haƙa har ranar da aka gama. Kada ta zama ranar kasuwa. A yi shi da safe, kafin rana ta yi zafi. A yi shi nan bakin ramin, ba a zauren maigari ba, domin abin da ake magana a kansa ido ya gan shi.

Ba dukan gari ke zama ba. Shugaban komitin ruwa, sakatare, ma'aji, matan komiti, da babban maginin ɗan kwangila, su ne masu taron. In ma'aikacin ruwa ya zo daga Matamaye, sai ya zauna tare da su. In za a gina kwamin shayar da bisashe, a kira wakilin makiyaya. Maigari ya buɗe, liman ya yi addu'a, sai sakatare ya karanta abin da aka rubuta a satin da ya wuce. Da wannan ake farawa kullum. Wanda ya ɗauki alkawari ya faɗi ko ya cika. In bai cika ba, ya faɗi dalili.

Shugaba shi ke ba da magana, mutum ɗaya bayan ɗaya. In wani ya kawo zancen iyakar gona ko bashin taki, a ce masa ya bari sai wani zama. Mata kuwa, kunya takan hana su magana gaban surukai da dattawa. Shugaba ya tambaye su kai tsaye. Su ne masu jan guga. Su suka san in bakin rijiya ya yi tsawo, ko daɓen gefe ya yi santsi.

Kowace magana a rufe ta da amsa uku: wa zai yi, me zai yi, wace rana. "Za a kawo tsakuwa" ba shawara ba ce, fata ce. Shawara ita ce: "Unguwar gabas za ta kawo tsakuwa amalanke 4 kafin Laraba." Taron da ya kai awa biyu, mutane sun fara zamewa ɗaya ɗaya. Awa ɗaya ta isa.

Abin da ake sa wa cikin kaye

A sayi kaye sabo don wannan aiki kaɗai. Tun ran farko a sa ma kowane shafi lamba, 1, 2, 3, har ƙarshe. Ta haka in an yage shafi, za a gane. A yi rubutu da bik, ban da fensir. In sakatare ya yi kure, ya ja layi ɗaya bisa kalmar, ya rubuta daidai a gefe. Kada ya goge.

A saman shafi a rubuta rana da wata da shekara, da sunayen waɗanda suka zo. Sannan lissafi. A nan ne rigima ta fi yawa, don haka mu tsaya kansa.

Mu da gaba muke auna rijiya. Amma gabar dogo ba ta gajere ba ce. Takardar kwangila da mita take magana. A nemi igiya, a auna ta da abin awon magini gaban kowa, a ƙulla ta mita mita, a ɗaura mata dutse. Kowane taro a zura ta, a rubuta zurfin da aka kai. In an cim ma ruwa, a auna tsayin ruwan da sassafe, kafin a fara ja.

Kuɗi ma haka ne. In mutumin Dawce ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, watau sefa 500. Ma'aikacin da ya ga 100 a takarda, sefa 100 zai karanta, dala 20 ke nan. Ku ga yadda za a zargi ma'aji da cin kuɗin da bai ci ba. Sakatare ya zaɓi lissafin sefa, ya rubuta kalmar sefa bayan kowane adadi. Jika 1, sefa 1000. Wanda ya biya, a rubuta sunansa da abin da ya ba da.

Siminti kuwa, buhu kilo 50 ne, tan ɗaya buhu 20. A ƙidaya buhun da mota ta sauke, da wanda aka kwaɓa, da wanda ya rage. Haka ƙarafan gini. Rijiyar da aka rage ma siminti, ran buki tana da kyaun gani. Sai bayan damina ɗaya ko biyu take tsagewa.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan haɗari, shi ne canza aiki da baki. Magini ya ce ya haɗu da dutse, ko ya ce ruwan ya isa, a tsaya nan. Wataƙila gaskiya ce. Amma ba shi ke yankewa ba, ba komiti ba ne kuma. A rubuta maganarsa da zurfin da ya tsaya, a kira ma'aikacin ruwa ya duba, ya sa hannu. Ku tuna, ruwan ƙasa ya fi ja baya a watan Afrilu da Mayu. Rijiyar da ta cika a Disamba tana iya zama laka a bazara.

In an gama, sakatare ya karanta shafin da ƙarfi. Shugaba da magini su sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Mai salula ya ɗauki hoton shafin, don gara da ruwa ba su bar takarda ba.

Kada kowa ya ga kamar wannan rashin yarda ne. Kayen yana kare ɗan kwangila shi ma. In gari ne ya makara da tsakuwa, rubuce yake. Ɗan kwangila ma yana da nasa kaye a wurin aiki, da Faransanci. Ku roƙi a karanta muku shi, a gwama da naku. Naku kuwa ku rubuta shi da Hausa, ba kunya. Tun watan Maris na 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa.

Wajen zaɓen sakatare, a lura da cin rani. Aikin rijiya yana faɗowa daidai lokacin da samari ke tafiya Najeriya neman kuɗi. A zaɓi mai zama gari, a ba shi mataimaki. Macen da ta iya rubutu ta fi dacewa a garuruwa da yawa.

Ranar karɓar aiki

Sau biyu ake karɓar aikin kwangila. Karɓar farko ita ce ranar da aka gama. Ta ƙarshe galibi bayan shekara ɗaya ce. Tsakaninsu, a kwangilar gwamnati, akan riƙe ma ɗan kwangila wani kaso na kuɗinsa, wanda bai wuce 5 cikin 100 ba. In aikin ya nuna aibi cikin wannan lokaci, shi zai gyara.

Ran karɓar farko ana kiɗa, ana dafa abinci, baƙi suna gaggawar komawa. Sai a miƙo takarda, wadda ma'aikata ke ce ma PV, a ce maigari da shugaba su sa hannu. Kada a sa tukuna. A fiddo kayen. A zura igiya. A ja ruwa, ko a buga fonfo, a ga ko yana kawowa. A duba tsaga a jikin siminti, a duba hanyar da ruwan zuba zai bi. Duk aibin da aka gani a sa shi cikin PV, tare da ranar da za a gyara. A nemi a fassara takardar da Hausa kafin sa hannu, komiti ya karɓi kofi ɗaya.

Wani kofin yana tafiya ma'aikatar komin. Tun watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun komin, aka naɗa kantomomi. Shugabanni suna canzawa, shi ya sa gari ya riƙe nasa. A sa kayen da PV cikin leda, a ajiye su cikin akwatin ƙarfe. A bangon kayen a rubuta ranar karɓar ƙarshe da manyan baƙaƙe. Saura wata ɗaya ranar ta zo, komiti ya sake zama a bakin rijiyar, ya duba ta, ya aika ma ma'aikacin ruwa abin da ya gani.